Mai adawa da yaƙi, mai ƙin yaƙi, ko mai son zaman lafiya: da wanne za ka kira shi?

Ranar 15 ga Fabrairun 2003 miliyoyin mutane suka cika tituna a ɗaruruwan birane, daga Landan zuwa Rum zuwa Madrid, suna cewa kada a afka wa Iraƙi. Wanda ya hango su daga nesa zai ce bakinsu ɗaya. Wanda ya kutsa cikinsu ya yi tambaya kuwa zai tarar abin ba haka yake ba. Akwai wanda ya yi imani cewa ɗaukar ran ɗan Adam bai halatta ba ko a fagen daga. Kusa da shi ga tsohon soja da ya taɓa yaƙi, kuma in gobe aka taɓa ƙasarsa zai sake saɓa bindiga, sai dai hujjar wannan yaƙin ce ba ta gamsar da shi ba. Can gaba ga lauya wanda duk damuwarsa ita ce Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai ba da izini ba. Da ya bayar, da yana gida abinsa. Ranar 20 ga Maris aka fara yaƙin, kowannensu kuma yana nan a kan ra'ayinsa.

Mai rubutu da Hausa, ɗan jarida ne ko ɗalibi ko mai fassara, in zai ba da labarin irin waɗannan mutane, kalmomin da ke gabansa suna da yawa: masu adawa da yaƙi, masu ƙin yaƙi, masu son zaman lafiya, masu bin hanyar lumana, 'yan ba-ruwanmu, masu neman sulhu. Yawancinmu mukan ɗauki wadda ta fara zuwa bakin alƙalami. Ina ganin wannan sakaci ne mai tsada, domin kowace a cikinsu tana ɗora wa mutum nauyin da ba irin na 'yar'uwarta ba, kuma akwai ƙasashen da tazarar da ke tsakanin biyu daga cikinsu ita ce ke sa mutum ya kwana a gida ko ya kwana a kurkuku.

Kafin ka zaɓa, tambaya guda ce ke raba gardama: wane yaƙi mutumin yake ƙi? Wannan da ake ciki, ko kowane iri?

Mu fara da wadda aka fi ji a labarai, wato adawa. Kalmar daga Larabci ta zo mana, asalinta gaba ce da ƙiyayya. Amma siyasa ta sassauta ta a bakinmu. Idan muka ce jam'iyyar adawa, ba muna nufin mutanen da ba su yarda a yi gwamnati ba. Suna zaune a zauren majalisa ɗaya da masu mulki, sun yarda da kujerar, wanda ke kanta da abin da yake yi ne ba su yarda da shi ba. Wannan ɗanɗanon ne kalmar take tahowa da shi idan aka haɗa ta da yaƙi. Mai adawa da yaƙi ya duba wani yaƙi takamaimai, ya auna dalilinsa da abin da zai ci na rayuka da dukiya, ya ce bai dace ba. Bai ce komai ba tukuna game da yaƙin jiya ko na gobe.

Shi ya sa kalmar ta fi zama daram idan an ambaci sunan yaƙin: masu adawa da yaƙin Biyetnam, masu adawa da mamayar Iraƙi. Barack Obama misali ne mai kyau. A watan Oktoban 2002, lokacin yana ɗan majalisar jihar Illinois, ya yi jawabi a wani gangami a Chicago inda ya soki shirin kai wa Iraƙi hari, kuma a cikin jawabin nan ya maimaita cewa ba kowane yaƙi yake adawa da shi ba, yaƙin wauta yake ƙi. A watan Disamban 2009, yana shugaban Amurka, ya ba da umarnin ƙara sojoji dubu 30 a Afganistan, kuma a watan nan dai ya tsaya a Oslo ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya yana kare cewa wani lokaci amfani da ƙarfi ya zama dole. Mutum na iya sukar wannan mataki ta fuskoki da dama. Amma wanda ya kira shi mai ƙin yaƙi a 2002, sannan ya dawo ya zarge shi da warware aƙida a 2009, kuskuren daga alƙalaminsa ya fara. Mutumin bai taɓa ɗaukar wannan aƙida ba.

Akwai wani tarko a cikin wannan furuci da ya kamata a yi hattara da shi, kuma daga nahawunmu ya fito. Kalmar "da" tana aiki biyu: tana haɗa abubuwa biyu, tana kuma nuna abokin karawa. Ka duba wannan jimla: "ƙungiyar tana adawa da yaƙi da ta'addanci." Mai karatu ɗaya zai fahimci cewa ƙungiyar ba ta son yaƙi, ba ta kuma son ta'addanci. Wani zai fahimci cewa tana adawa da yaƙin da ake yi da 'yan ta'adda, wato kusan kishiyar ma'anar farko. Jimla ɗaya, ma'ana biyu, ɗaya daga cikinsu na iya jefa mutane cikin zargi mai nauyi. Maganinsa mai sauƙi ne: ka ce "tana adawa da yaƙi, tana kuma adawa da ta'addanci", ko ka ce "tana adawa da yaƙin da ake yi da ta'addanci". Ƙarin kalmomi uku bai kai ɓata sunan mutum tsada ba. Ga kuma yadda muke aron kalmar yaƙi ga abubuwan da babu harsashi a cikinsu, kamar yaƙi da jahilci da yaƙin neman zaɓe, wanda shi ma dalili ne na ambaton sunan yaƙin da ake magana a kai.

To, wanda ya ƙi kowane yaƙi fa? Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan na fi son in daɗe.

Turawa suna da kalma guda ta musamman ga wannan aƙida. Wani Bafaranshe mai fafutukar zaman lafiya, Émile Arnaud, shi ya ƙirƙiro kalmar pacifisme, aka kuma karɓe ta a babban taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Glasgow a 1901. Tushenta na Latin ne, daga kalmar zaman lafiya da kalmar yi, wato mai samar da zaman lafiya. Da farko tana da faɗi, tana ɗaukar duk mai son a riƙa warware rikicin ƙasashe ta kotu da sasanci. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya matse ta, har ta koma nufin wanda ba zai goyi bayan yaƙi ba ko da ƙasarsa ce ke ciki. Idan mai fassara ya bi tushen kalmar ya ce "mai son zaman lafiya", ya fassara ma'anarta ta 1901, ya bar ta yau a baya.

Fi'ilin Hausa da ya fi kusa da ma'anar yau shi ne ƙi. Yana da fuska biyu, kuma duka biyun suna da amfani a nan. Akwai ƙi na zuciya, wanda ya haifi ƙiyayya da maƙiyi. Akwai ƙi na aiki: an ce ka yi, ka ƙi. Mai wannan aƙida ya haɗa duka, yana ƙin yaƙi a ransa, kuma in an kira shi ya ƙi zuwa. Matsalar ita ce fuskar farko kowa yana da ita. Sojan da ya kwashe gawarwakin abokansa ya fi kowa ƙin yaƙi a zuci, amma gobe zai koma bakin daga. Don haka "mai ƙin yaƙi" shi kaɗai yana iya zamewa. Abin da nake ba da shawara shi ne a sa masa turke, a ce "mai aƙidar ƙin yaƙi". Kalmar aƙida tana gaya wa mai karatu cewa wannan ra'ayi ne da aka ƙulla tun kafin a san wane yaƙi ne zai zo, kuma ba a kwance shi don an kawo sabuwar hujja. Su kuwa "ƙin jinin yaƙi" da "ƙyamar yaƙi" na zuciya ne zalla. Sun dace da bayyana halin al'ummar da yaƙi ya gajiyar, ba su isa su zama sunan matsayin mutum ba.

Jeannette Rankin ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin tarayyar Amurka. A watan Afrilun 1917 tana cikin 'yan Majalisar Wakilai 50 da suka ƙi amincewa ƙasar ta shiga yaƙi da Jamus. A wannan rana ba za ka iya bambanta ta da sauran 49 ba, duk masu adawa da yaƙin ne. Sai ranar 8 ga Disamban 1941, kwana ɗaya bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, aka sake ƙuri'a: 388 suka amince, mutum ɗaya ya ƙi, kuma ita ce. An kai wa ƙasarta hari, jama'a sun fusata, ta san kujerarta ta tafi, duk da haka ta ƙi. Ranar nan ce ta nuna cewa tata aƙida ce. Kwatanta ta da Barbara Lee, wadda ita kaɗai ta ƙi amincewa da ƙudurin ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfin soja bayan harin 11 ga Satumba, a majalisar nan ranar 14 ga Satumban 2001, aka tashi 420 da 1. Hujjar Lee ita ce ƙudurin ya ba shugaban ƙasa iko mai faɗi ba tare da iyaka ba. Su biyun duk sun tsaya su kaɗai, jarumtarsu iri ɗaya ce, amma ta biyun adawa ta yi da wani ƙuduri bisa dalilin da ta faɗa, kuma da wannan sunan ya kamata a rubuta ta.

Aƙidar ma hawa-hawa ce. Akwai ɗariƙun Kirista irin su Kwaka da Menonayit waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru a kan ƙin ɗaukar makami, kuma ƙungiyoyin agaji biyu na Kwaka sun sami lambar Nobel a 1947. Akwai kuma waɗanda suka riƙe aƙidar har sai da tarihi ya kai su bango. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, an yanke masa ɗaurin wata shida a 1918 saboda abin da ya rubuta a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma da Hitler ya zo ya amince cewa yaƙarsa ya zama dole. Albert Einstein ya shafe shekaru yana kiran matasa su ƙi shiga soja, bayan 1933 ya sauya, kuma a 1939 ya sa hannu a wasiƙar da ta ja hankalin Shugaba Roosevelt kan yiwuwar ƙera bam ɗin nukiliya. Idan za ka rubuta game da irin waɗannan, ka haɗa sunan da shekara. "Mai aƙidar ƙin yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya" gaskiya ce game da Russell. In ka cire lokacin, ka faɗi rabin labari.

Na ce a farko bambancin yana iya kai mutum kurkuku. Ga yadda abin ya faru. Dokar Amurka ta tilasta shiga soja ta keɓe wanda imaninsa ya hana shi shiga yaƙi kowane iri. Ranar 28 ga Afrilun 1967, a Houston, aka kira Muhammad Ali ya matso gaba a rantsar da shi soja, ya ƙi. Aka ƙwace kambunsa na dambe, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala dubu 10, ya yi sama da shekara uku ba a bar shi ya hau dandali ba, ko da yake bai shiga kurkukun ba saboda ya ɗaukaka ƙara. Babbar hujjar da gwamnati ta riƙe har Kotun Ƙoli ita ce wai ba kowane yaƙi yake ƙi ba, akwai wanda addininsa zai yarda ya yi. A watan Yunin 1971 kotun ta soke hukuncin, saboda hukumar da ta hana shi keɓewar ba ta faɗi dalilin da ta dogara da shi ba. Watanni kaɗan kafin nan, a watan Maris, kotun nan dai ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Gillette, wanda ya ce zai yi yaƙin kare ƙasarsa amma ba zai je Biyetnam ba. Ta ce doka ba ta keɓe shi ba. Ka ga ke nan a gaban alƙalai, mai adawa da yaƙin kaza da mai aƙidar ƙin yaƙi mutum biyu ne, ɗaya doka ta ba shi mafita, ɗaya ta hana shi. In alƙali ya raba su, bai kamata marubuci ya cakuɗa su ba.

Wannan ya kawo mu ga mutumin da aka kira aikin soja ya ce imaninsa ya hana shi. Ba mu da kalma guda gare shi, kuma ban ga laifin doguwar magana ba: "wanda ya ƙi shiga soja saboda imaninsa", ko "mai ƙin ɗaukar makami saboda aƙida". Abin da nake roƙo shi ne kada a ce masa mai gudun yaƙi. Gudu a Hausa yana jan tsoro a bayansa, kuma mai gudu ɓuya yake yi. Wannan kuwa yakan je gaban hukuma da ƙafarsa, ya faɗi sunansa, ya jira hukunci. Da Birtaniya ta kawo dokar tilasta shiga soja a 1916, kimanin mutum dubu 16 suka nemi a keɓe su ta wannan hanya, dubbai a cikinsu suka ɗanɗana kurkuku. Koriya ta Kudu ta ɗaure dubban matasa, akasarinsu Shaidun Jehobah, kafin kotunanta su sauya matsayi a 2018, daga baya aka kawo aikin madadi na wata 36 a gidajen yari. Kuma akwai Desmond Doss, wanda ya shiga rundunar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin ma'aikacin jinya, ya ƙi taɓa bindiga, ya kwaso kimanin mutum 75 da suka ji rauni a Okinawa a 1945 ana ruwan wuta, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar. Shi ko shiga soja bai ƙi ba, makami ya ƙi. Babu yadda za a yi kalmar gudu ta hau kansa.

Yanzu ga wadda ta fi daɗin faɗa, mai son zaman lafiya. Ina ƙaunar wannan furuci kamar kowa, tun muna yara muke jin cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma a matsayin sunan da zai bambanta mutum da wani, ba shi da ƙarfi ko kaɗan, domin rigar ta yi wa kowa daidai. Da wuya ka sami shugaban da ya tura sojoji ƙetare bai ce don zaman lafiya ya yi ba. Dakarun wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da bindigoginsu suke yawo. Nelson Mandela ya raba lambar Nobel ta zaman lafiya da de Klerk, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, a 1993, kuma babu mai musun cewa ya kawar da ƙasarsa daga bakin yaƙin basasa, amma shi ne a 1961 ya jagoranci kafa Umkhonto we Sizwe, reshen ANC mai ɗauke da makami, kuma a 1985 ya ƙi karɓar sakin da aka yi masa tayi bisa sharaɗin ya yi tir da amfani da ƙarfi. Mai son zaman lafiya ne, ƙwarai. Mai aƙidar ƙin yaƙi? A'a, kuma shi da kansa bai taɓa da'awar haka ba. Saboda haka ka ajiye wannan furuci don yabon hali ko bayyana buri. Duk inda ake bukatar a san matsayin mutum a kan wani yaƙi, in ka sa shi ka rufe abin da mai karatu ya zo nema. Wani lokaci ma yakan zama rashin adalci a ɓoye: in ka kira ɓangare ɗaya na muhawara masu son zaman lafiya, ka riga ka ce ɗaya ɓangaren ba sa so, alhali wataƙila hanyar kaiwa gare shi kawai suka saɓa a kai.

Lumana kuma zancen hanya ce. Idan muka ce zanga-zangar lumana, muna nufin ba a yi jifa ba, ba a ƙona komai ba. Ba mu ce komai ba game da abin da masu zanga-zangar ke nema, har ana iya yin zanga-zangar lumana ta neman a tafi yaƙi. Gandhi ne mutumin da aka fi rikita waɗannan kalmomi a kansa. Tattakin gishirin da ya yi a 1930 gwagwarmaya ce da mulkin Birtaniya ba tare da makami ba, wato fito-na-fito ta hanyar lumana, kuma ba yaƙi tsakanin ƙasashe ake magana a kai ba. Shi wannan Gandhin a 1918 ya zaga ƙauyukan Gujarat yana neman matasa su shiga sojan Birtaniya. Abokinsa Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi Bafatane, ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar a 1929, wato bayin Allah masu hidima, mabiyansa suka yi rantsuwar ba za su rama duka ba, kuma sun cika alkawarin ranar da sojoji suka buɗe musu wuta a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar a watan Afrilun 1930. Sunan da ya dace da su shi ne masu gwagwarmayar lumana. Martin Luther King ya nuna cewa abu biyu ne ta yadda ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya: ya shafe fiye da shekara goma yana jagorantar gwagwarmayar lumana ta 'yancin baƙaƙen fata, sannan ranar 4 ga Afrilun 1967 ya tsaya a cocin Riverside na New York ya yi Allah wadai da yaƙin Biyetnam gaba da gaba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaba masa a kan na farko sun juya masa baya a kan na biyu.

'Yan ba-ruwanmu ba sa bukatar dogon bayani. Ba su ce yaƙi haramun ne ba, sun ce ba za su shiga na wasu ba. Siwizalan, wadda manyan ƙasashen Turai suka amince da matsayinta na tsaka-tsaki a 1815, tana tilasta wa mazanta aikin soja har yau. Ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu da aka kafa a Belgrade a 1961 ta ƙi bin Amurka ko Tarayyar Sobiyet ne, kuma manyanta irin su Indiya da Masar sun gwabza nasu yaƙe-yaƙen. In ana neman ƙasar da ta matsa kusa da ƙin yaƙi a hukumance, sai a duba Kosta Rika da ta rushe rundunar sojanta a 1948, ko Japan da sashe na 9 na tsarin mulkinta na 1947 ya yi watsi da yaƙi, duk da cewa tun 1954 tana da rundunar da ta kira ta kare kai.

Sulhu yana da daraja ta daban a kunnenmu, saboda Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, kuma duk ɗalibin tarihin Musulunci ya san na Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. Amma sulhu yana zuwa ne bayan an riga an ɓata. Mai neman sulhu yana son a tsagaita wuta a zauna a teburi, kuma sau da yawa shi kansa ɗaya ne daga cikin masu faɗan. Mai shiga tsakani kuma dole ya riƙe bakinsa game da wanda ke da gaskiya, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai tashi ya bar masa teburin, don haka kiransa mai adawa da yaƙin wani na iya ɓata masa aiki. Matan Laberiya, Musulmi da Kirista, da suka sa fararen kaya a 2003 ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee, har suka tare ƙofar zauren tattaunawa a Accra suka hana wakilai fita, sun haɗa abu uku a lokaci guda: adawa da yaƙin ƙasarsu, hanyar lumana, da matsa lamba a yi sulhu. A irin wannan labari kana iya amfani da kalmomin duka, kowace a inda ta dace. Abin da ba zan kira sulhu ba shi ne yarjejeniyar Munich ta 1938, inda Birtaniya da Faransa suka miƙa wa Hitler wani yanki na Chekoslobakiya ba tare da masu ƙasar suna teburin ba. Wannan lallashi ne, kuma masu son yaƙi sun daɗe suna jifan duk mai adawa da su da sunan Munich, don haka yana da kyau marubuci ya riƙe kalmar lallashi daban, kada ta gauraya da sauran.

Wannan jifa da suna shi ne dalilin da ya sa na damu da batun har haka. Da zarar an buga gangar yaƙi, kalmomin da ake kiran mai cewa a'a da su sukan canza cikin dare ɗaya: matsoraci, maci amana, ɗan koren abokan gaba. An harbe Jean Jaurès, ɗan siyasar Faransa, a wani gidan shan shayi na Paris ranar 31 ga Yulin 1914 yana tsaka da ƙoƙarin hana yaƙin da ya ɓarke kwanaki kaɗan bayan haka. An yanke wa ɗan siyasa Eugene Debs ɗaurin shekara goma a Amurka a 1918 saboda jawabi guda na adawa da yaƙin, kuma daga cikin kurkuku ya sami ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa na 1920. A irin wannan yanayi, marubucin da ya kira mai adawa da yaƙi guda da sunan mai ƙin kowane yaƙi ya miƙa wa maƙiyansa sanda, domin abu na gaba da za a tambaye shi shi ne ko zai naɗe hannu in an shigo gidansa, tambayar da ba ta shafi abin da ya faɗa ba. Wanda kuma ya kira mai aƙida da sunan ɗan adawa kawai ya rage masa abin da ya sadaukar da rayuwarsa a kai.

Idan ba ka san zurfin ra'ayin mutum ba, wanda shi ne halin da mai ba da labari ya fi samun kansa a ciki, ka ɗauki mafi ƙanƙantar da'awa, wato adawa da yaƙin da ka ambata da sunansa, sannan ka faɗi abin da ya yi ko ya ce. A watan Maris na 2022 Rasha ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojojinta, a daidai lokacin da gwamnati ke kiran abin da ke faruwa a Yukiren aikin soja na musamman. Mutane suka riƙa fitowa da kwalaye da aka zana taurari takwas a kansu, uku da biyar, a madadin haruffan kalmomi biyu na Rashanci masu nufin a'a ga yaƙi. Wasu, har da wata mata, suka ɗaga farar takarda da babu komai a kanta, 'yan sanda suka tafi da su. Ba mu san ko matar da ta ɗaga farar takardar tana da aƙidar ƙin kowane yaƙi ba, ko kakanta ya yi yaƙi da Hitler kuma tana alfahari da shi. Abin da za mu iya rubutawa da gaskiya shi ne mai adawa da yaƙin Yukiren ce, an kama ta tana riƙe da takardar da ba a rubuta komai a kanta ba.